Ƙwayar Mashigar Babu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa sarari ba da tabarma ba, ya rataye taurari ba da igiya ba, ya ba kowane abu nauyinsa, na fili da na ɓoye. Bayan haka, ni ce Gwamma, jagabar ayarin Zangon Tauri, 'yar jagaba, jikar jagaba. Na bi hanyoyin da ke tsakanin taurari tun ina goyon ɗan fari har furfura ta kama ni, ban taɓa ɓatar da ko akuya ba. Wanda ya ce yabon kai nake yi, gaskiyarsa, kuma yanzu na fara. Ku gyara zama ku ji yadda na je inda babu komai, na dawo da abin nunawa.

Zangon Tauri gari ne na fatake a wata duniya mai jar rana, nesa da nan ƙwarai. Jiragenmu na katako ne, ƙusoshinsu na ƙarfe, kowanne yana tafe lulluɓe da iskar da mutanen cikinsa ke shaƙa, filafilansa kuwa hasken taurari suke sha su tura shi gaba. Madugu shi ne uban ayari, jagaba shi ke gaba yana zaɓen hanya.

Mutanen garinmu suna da halaye biyu da ya kamata ku sani. Na farko, ba sa karɓar magana sai an kawo abu. A zauren Majalisa akwai wani tsohon faifai, duk mai ba da shaida sai ya ɗora abin da ya kawo a kai, dattawa su taɓa da hannunsu. Abin da bai hau faifai ba, a wurinsu bai faru ba. Na biyu, jagaban da ya hallaka ayari da sakacinsa, toshe sunansa ake yi. Ba a kiransa da shi, ba a raɗa wa kowa. In aka haifi tattaɓa-kunnensa na fari, ranar suna ta zo, rana ta faɗi sunan bai hau kan wani namiji ba, to ya mutu har abada, a baje kabarin mai shi a shuka gero a wurin.

Ina budurwa Baba ya ja ayarin Madugu Korau ta Mashigar Babu, wata tsohuwar hanya da aka sa wa wannan suna don ba tauraro, ba dutse, ba ko ƙura a cikinta. Jirginsa kaɗai ya dawo, kuma da yake shi ne a gaba, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya tsaya gaban Majalisa ya ce wani abu da ido ba ya gani ne ya fizgi jiragen da ke bayansa, ya karkatar da su, ya huhhuda su. Aka turo masa faifai. Ya dubi faifai, faifai ya dube shi. Dattawa suka yanke cewa gyangyaɗi ya yi a kan akalar jirgi. Daga ranar ya zama Wane, a kasuwa Wane, a masallaci Wane, har ya koma ga Mahaliccinsa. Ni kuwa na san mutumin nan, ko a kan gadonsa da ido ɗaya yake barci. Abin ya ci mini rai shekara da shekaru, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ran da Yalwa, matar ɗana Shekarau, ta fara tofar da yawu tana gudun warin daddawa, na san lokaci ya zo. Na yafa mayafi na nufi Majalisa.

"Ranka ya daɗe," na ce da Sarkin Zango, "izini nake nema in shiga Mashigar Babu in kawo abin ɗorawa."

"Gwamma, me za ki kawo daga inda babu komai?"

"Da na sani, ranka ya daɗe, da aike zan yi."

Ya yi murmushi ya ce an ba ni, amma sai na tafi da shaida daga cikin waɗanda suka yi rashi a ayarin. Kafin ya rufe baki wani ya miƙe daga bayan zaure. Jatau ne, ɗan Madugu Korau, sa'ana, dogo, busasshe, mai fuskar da ko ranar salla a murtuke take. Tun muna matasa ba ma ga maciji da shi.

"Ni zan je," in ji shi. "Ina so in ga idon 'yar Wane ran da za ta dawo hannu rabbana."

Haka muka tashi mu biyu a ɗan jirgina, da buhunan garin gero na guzuri. Shi kuwa ya zo da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, wai ba zai ci daga tukunyar gidanmu ba. Na ce ya kyauta, wanke-wanke ya ragu.

Ban nufi Mashigar kai tsaye ba, don ni ba na shiga wuri sai na tambayi maƙwabtansa. Duniyar da ta fi kusa da ita ita ce ta Masu Kunne. Dutse ce guda ɗaya, baƙa, sumul, sai 'yan kwaruruka inda suke noman auduga. Mutanenta da audugar suke naɗe ƙafafunsu, da raɗa suke ciniki, manyansu kuwa a kwance suke wuni, kunne a manne da ƙasa, suna sauraren duk motsin da ke cikin dutsen. Dokarsu ɗaya ce mai tsanani: baƙon da ya yi ƙara, a tsare shi har auduga ta sake fashewa.

An gaya mana wannan tun a bakin tasha. Ba mu yi nisa ba Jatau ya zame, tukunyar da ya ƙi bari a jirgi ta suɓuce, ta daki dutse, ta yi ta gangarawa tana waƙa. Na ga mutane suna miƙewa daga kwance har iya ganina, kowa riƙe da kunne. Ga shi audugar tasu a lokacin ko fure ba ta yi ba, cikin Yalwa kuwa ba zai jira ta ba.

Aka kai mu gaban shugabarsu, Kaka Hajjo, wata tsohuwa da kunnenta na dama ya shafe saboda kwanciya. Muna durƙushe sai na lura fadawanta suna gardama da raɗa, wannan yana nuna gabas, wancan yana nuna kudu.

"Kaka," na raɗa mata, "me suke musu a kai?"

"Inda ƙarar ta tashi. Dutse yana lanƙwasa ƙara, 'yata. Kullum muna ji, kullum muna musu, don ba mu taɓa samun ƙarar da muka san mafarinta ba."

"To ga tukunya, ga kuma wanda ya iya yar da ita. Maimakon ku tsare shi yana cin abincinku, ku sa shi ya zaga da ita ƙasarku, ya riƙa saki a wuraren da kuka sani. Mutanenki su ji yadda kowace ƙara ke iso musu, su gyara kunne."

Sai kafaɗun tsohuwa suka shiga rawa. Dariyarsu ke nan, ba ta da sauti. Haka ɗan Madugu guda ya ɗauki tukunya a ka, ya hau tudu ya sauka kwari, ana nuna masa wuri yana saki. Ni ina biye ina riƙe masa ruwa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin aikin nan.

Da aka gama Kaka Hajjo ta sa aka kira mu. Ta ce akwai wani abu da suke kira Allura, wanda kan shiga duniyarsu ta wannan gefe ya fita ta wancan kafin ƙiftawar ido, a miƙe, bai taɓa karkacewa ba. Tun kakanni suke jinsa ba su san daga ina yake zuwa ba. Yanzu da kunne ya gyaru sun haɗa abin da tsofaffinsu suka riƙe, sun ga duk Allurorin daga fuska ɗaya suke fitowa, fuskar Mashigar Babu. Ta kai mu ta nuna mana inda ɗaya ta shiga. Rami ne da bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba, bakinsa sumul. Na sa baki na hura, iskar ta tafi ba ta dawo ba.

"Rami ne kawai," in ji Jatau. "Ko gara tana yi."

"Gara a dutse, ɗan Madugu?"

Ya kau da kai. Na tambayi tsohuwa mece ce Allurar, ta ce su ji kawai suke yi, in sani nake so in je wurin Malam Nomau, mai hasumiya a gefen Dunƙule. A raina kuwa na riga na gama shiri: in tare Allura da tukunyar Jatau, in rufe, in kai ta faifai.

Dunƙule gawar tauraro ce. Daga nesa ba ka ganin jikinta, sai wasu dogayen haskoki biyu kamar mashi, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suna juyawa suna share sarari, duk abin da suka taɓa ya zama toka. Hasumiyar Malam tana kan wani dutse can bayan inda suke sharewa, dole sai an ƙetare. Na tsayar da jirgi na zuba musu ido. Jatau ya ce mu koma, na ce ya yi mini shiru. Can na gane lugude ne, irin na mata biyu a kan turmi ɗaya, wannan taɓarya na sauka waccan na tashi, kuma duk wadda ta yi daka ta san akwai ɗan tsakanin da ake sa hannu a juya hatsi. Na shiga buga diddige a kan katako har bugun ya zauna a jikina. Da tsakanin ya zo na saki filafilai gaba ɗaya. Muka wuce, bayan jirgi yana hayaƙi, gemun Jatau yana ƙauri.

Ba mu gama sauke numfashi ba sai ƙusoshin jirgi suka fara kuka. Ashe Dunƙule tana jan ƙarfe da ƙarfin da ba a musu da shi. Ƙusa ta zare kanta daga katako ta tashi, wata ta bi ta. Na rarumi igiya ina ɗaure katakai bakin rai bakin fama, ina waigawa na ga tukunya ta tashi, Jatau ya rungume ta, tana jansa zuwa bakin jirgi ƙafafunsa suna shure-shure. Na yi masa magana bai saki ba, sai na ɗauki muciya na kwaɗe masa hannu. Tukunya ta tafi. Muka isa dutsen Malam da jirgi a ɗaure kamar dami, ba ya ko kallona.

Malam Nomau gajere ne mai tumbi, fara'a kamar gonar auduga, ya tarbe mu da kwandon gyaɗa a gabansa. Mutanensa suka shiga gyara mana jirgi da turakun katako, mu kuwa muka zauna.

"Allah gafarta Malam," na ce, "da tukunya muka zo mu kama Allura, tauraronka ya ƙwace."

Ya yi dariya har ya share hawaye. Ni ba a saba yi mini dariya ba, amma na daure, don nema na zo yi. Ya tona kwando ya zaɓo gyaɗa mai 'ya'ya uku ya ɗaga.

"Duk abin da kike taɓawa, har ke kanki, da wasu ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido bai isa ya gani ba. A can cikin cikinsu akwai masu kama da wannan, kowace da 'ya'ya uku a kwasfa. Mu kwak muke ce wa 'ya'yan. Ba wanda ya taɓa ɓare ɗaya ya riƙe ɗa guda a hannu, ba sa fita su kaɗai. To Dunƙule da can ta fi ranarku girma. Da wutarta ta mutu sai ta rufta wa kanta, ta matse har ba ta fi garinku faɗi ba. Cokali ɗaya na jikinta ya fi duwatsun ƙasarku nauyi. A tsakiyarta, inda matsin ya kai maƙura, muna zaton kwasfa ta fashe, 'ya'yan sun cakuɗe sun zama ƙulli guda." Ya damƙi gyaɗa cike da hannu ya murƙushe har mai ya fito tsakanin yatsunsa.

"To ina ruwan wannan da ayarin Baba?"

"Farkon halitta, Hajiya, komai haka yake, ƙulli guda mai zafi. Da aka buɗe sarari ya huce, yawancin ƙullin ya shiga kwasfa ya zama ni da ke da wannan mai fushin. Amma ina zaton wasu ɓarɓashi ba su shiga ba, suna nan suna yawo har yau. Wata ba ta fi ƙwayar gero ba, nauyinta kuwa na tsauni. Ba ta ba da haske, kuma ta yi ƙanƙanta ta tare shi. Mun daɗe da sanin taurari suna kewayawa da gudun da ya isa ya watsar da su, amma wani nauyi yana riƙe da su wanda ba ma gani. Nauyin ɓoye muke ce masa. Ni a ganina waɗannan ƙwayoyin ne, ko dai wani kaso nasa. Zato ne fa, abokan karatuna da yawa ba su yarda ba."

"Zato ba ya hawa faifai," in ji Jatau.

"Gaskiyarka. Ita ma ƙwayar, wato Allurar da kuke nema, ba za ta hau ba. Za ta huda faifan, da zauren, da duniyarku, ta wuce abinta."

Na zo duk wannan tafiya, ashe abin da nake nema ba ya kamuwa, ba ya ganuwa, ba ya ɗaukuwa. Na ce, "Malam, to yaya ake ganin abin da ba a gani?"

"Kada ki nemi ganinsa. Ki duba abin da yake ja. In kin ga wani abu, don Allah ki aiko mini da labari, na tsufa ina zato."

Da wannan muka rabu, na sake bin tsakanin lugude na fita, na karkata akala zuwa Mashigar Babu.

Sunanta ya dace da ita. Taurari suka ja baya suka zama 'yan ɗige-ɗige, gaba babu, baya babu. Tun da aka toshe sunan Baba ba jirgin da ya sake biyo ta nan. Na rage gudu har muka kusa tsayawa, sannan na kwance bakin buhun gari.

"Me za ki yi da guzurinmu?"

"Watsawa."

"A komawa mu ci me?"

"Zato."

Na cika ƙwarya na watsa gaban jirgi, na ƙara, na ƙara. Gari ya bazu fari fat, ya tsaya cik, ba abin da ya motsa. Buhu ya ƙare na buɗe wani. Jatau ya harɗe hannu yana jira. Sai can gefen hagu na ga garin ya fara lanƙwasa. Ya miƙa wani siririn hannu, ya zagayo, ya shiga kewaya wani wuri da babu komai a cikinsa. Kafin in nuna masa, wani ya soma a dama, wani a sama, wani a gaba. Mashigar da ake cewa babu komai ashe cike take da su, kowace da farin rawaninta na gari. Na zauna a kan buhu na yi kuka, kukan da na ƙi yi ran da aka binne Baba. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, aka mai da shi Wane.

Na share ido na kama akala. Na riƙa watsa gari ina bi tsakaninsu a hankali, in ta nan ta matso in kauce ta can, har muka kai tsakiya inda suka fi yawa. A nan muka tarar da ayarin. Jiragen suna nan duk, a karkace, wasu a rabe, suna kewayawa sannu-sannu, babu mai tuƙi. Jatau ya miƙe tsaye. Ya nuna wani babba mai kan bijimi a goshi, jirgin ubansa.

Ban iya matsawa kusa ba, ƙwayoyi sun yi wa jirgin zobe. Bai yi shawara da ni ba, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya cika ƙirji da iska ya yi tsalle. Na riƙe bakin igiya ina kallo har ya shige. Ya daɗe. Da ya fito yana rungume da wani abu dogo, ya ja igiya alamar in jawo shi.

Ina cikin ja sai na ga igiyar ta yi ciki a tsakiya, ta lanƙwasa ba iska ba komai. Na dumbuzi ƙarshen garin da ya rage na watsa. Ga wata ƙwaya nan tafe, tsakanina da shi, kuma duk jan da na yi cikin bakinta nake kawo shi. Sai na yi abin da hannu ba ya so, na saki igiyar ta tafi sakwa-sakwa, na fizgi akala na juya jirgi ya zagaya ta bayansa. Ƙwayar ta wuce ta inda ya kamata a ce ƙirjinsa yake, ta bi ta jikin itacen filafilai ba ƙara ba tartsatsi, kan itacen ya karye ya bi ta. Na jawo Jatau ya faɗo cikin jirgi, leɓensa sun yi baƙi.

Da numfashi ya dawo masa ya miƙo mini abin da ya ɗauko. Sandar Madugu Korau ce, ta tagulla, mai dunƙulallen kai, wadda duk wani babba a Zango ya san ta. Ya ce ya same ta a tsaye inda ubansa ke kafa ta, ƙasusuwa a gefenta, ya yi musu addu'ar da numfashi ya ba shi dama. Ya ce in duba kan. Akwai ɗan rami a tsakiya. Na ɗaga sandar na sa ido, sai ga tauraro yana kallona ta gindinta.

Can Jatau ya ce, "Gwamma." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. "Gyangyaɗi ba ya huda tagulla."

Na bi sauran farin da ke sarari na fitar da mu. Yunwar da muka sha a komawa ba ta faɗuwa. Muka kakkaɓe buhuna, muka lashe su, muka jiƙa su muka sha ruwan, a ƙwarya ɗaya. Da muka ratsa kusa da Masu Kunne na bar saƙo a kai wa Malam Nomau, ban tsaya ba.

Da hantsi muka sauka Zangon Tauri, tun daga tasha nake jin guɗa ta fuskar unguwarmu. Aka ce mini Yalwa ta sauka lafiya, yau ne suna. Ban tambayi komai ba, ban leƙa gida ba, na ja Jatau muka nufi Majalisa da ƙurar tafiya a jikinmu.

Aka turo faifai. Na ɗora sandar da hannuna biyu, kuma na ɗauki lokacina. Dattawa suka matso, suka shafa, suka gane ta, wasu suka shiga salati. Akwai a cikinsu waɗanda suka ga ranar da aka zuba ta, suka shaida ba rami aka yi ta da shi ba, kuma ba maƙerin da ya isa ya huda tagulla daga kai har gindi a miƙe haka. Sarkin Zango ya sa aka kawo buta, ya tsiyaya ruwa a ramin kan sandar da kansa, har ruwan ya ɗigo ta ƙasa. Jatau ya miƙe ya faɗi abin da ya gani tun daga tukunya har igiya, bai rage ba, har da muciyar.

"An buɗe sunan," in ji Sarkin Zango. "Ki je ki ɗora shi kafin rana ta faɗi."

Na fito ina taku irin wanda ban taɓa yi ba. Duk wanda na wuce sai na kalle shi ido cikin ido. Dattawa suka biyo ni, jama'a suka biyo dattawa. A ƙofar gida na tarar da Shekarau tsaye cikin baƙi, ga liman, ga wanzami da zabirarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni, amma ya ƙi ɗaga kai.

"Inna, mace ce."

Aka miƙo mini ita. Kyakkyawa, mai cikar gashi, ta kama yatsana ta riƙe. Na so ta nan take, ba na ɓoyewa, amma sai na koma na zauna a dakali. Aka aika lungu-lungu ko akwai jariri namiji da ba a raɗa wa suna ba, aka dawo babu. Rana ta karkata, inuwar katanga ta ci rabin titi. Na je ƙarshen duniya na dawo da gaskiya, ga shi za a shuka gero a kan Baba duk da haka. Ban taɓa jin ɗaci irin na wannan la'asar ba.

Sai Jatau ya ratso jama'a. Ya tuɓe hula, ya zauna a kan tabarmar wanzami, ya harɗe ƙafa.

"Jiƙa kan nan," ya ce.

Wanzami ya dubi liman, liman ya dubi Sarkin Zango.

"Jatau," in ji Sarki, "ka san abin da kake yi? Sunan da Madugu ya zaɓa maka zai sauka, ba zai koma ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. Da Madugu yana nan da shi zai riƙe mini kai. Ba bakin da ya kai nawa cewa Wane a garin nan. Bari in ɗauki sunan mutumin in yi yawo da shi."

Sarki ya ce ba a taɓa yi ba, amma shi bai ga abin da ya hana ba. Wanzami ya wasa aska. Furfura ta riƙa zuba a kan tabarma, mata suna leƙe ta kan katanga, ba mai dariya. Da kai ya fito tas liman ya sunkuya ya raɗa a kunnen dattijo mai jikoki, sannan maroƙi ya cika baki ya shelanta, rana tana kan bakin ganuwa. Jama'a suka amsa, suka maimaita, tsofaffin da suka yi tafiya da Baba suna faɗa suna ƙarawa. Ni kaɗai na kame bakina, don 'ya ba ta kama sunan uba.

Tun daga wannan rana, Baba nake ce wa ɗan Madugu. Kowace safiya sai na je na durƙusa na gaishe shi, shi kuwa ya ja gaisuwar ya tambayi gida, ya tambayi jirgi, ya tambayi akuyoyi ɗaya bayan ɗaya, har gwiwata ta yi tsami. Ina sane da abin da yake yi, kuma ban taɓa tashi kafin ya sallame ni ba.

Wannan ita ce tafiyata, ni Gwamma, na faɗe ta yadda ta faru. Sunan kuwa ba za ku ji shi daga bakina ba. Ku je Zangon Tauri ku tsaya a bakin kasuwa, ba za ku daɗe ba za ku ji an kira, ku ji an amsa.